Sunayen da Alkasum Bai Kira Ba

A Rijiyar Kirya, wani ɗan gari da ke tsakanin Droum da Damagaram, in ka tambayi tsoho shekarunsa ba zai ce maka alif kaza ba. Sai dai ya ce an haife shi kafin ma'auni, ko bayan ma'auni. Shekarar ma'auni kuwa ita ce shekarar da garin ya yi saɓa irin ta maciji, saura kaɗan Faransawa su naɗe tabarmarsu.

A shekarar ne kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankin, ya sa aka share hanya aka zuba mata jar tsakuwa, kamiyo, babbar motar kaya, ta fara shigowa har gindin gari. Wani kamfanin Nasara ya kafa ƙaton ma'aunin ƙarfe na sayen gyaɗa a bakin hanyar. Aka ɗaure tsohuwar rijiya da siminti, aka gina lakkwal, wato makarantar boko, mai aji ɗaya, aka buɗe ɗakin likita inda wani dogon mutum ke yi wa jama'a allura. Kasuwa da kanta ta tashi daga gindin tsamiya, inda kaka da kakanni suka san ta, ta bi warin mai ta koma bakin hanya. Maƙera suka rage ƙirar fartanya suka shiga gyaran ƙarafan mota. Wasu sun ci riba, wasu sun ci ƙura, haka duniya take.

Cikin waɗanda suka ci ƙura har da Alkasum mai jakai. Ya gaji jakai da taikuna daga ubansa, kuma tun tasowarsa shi ke kai gyaɗar garin Damagaram. Abin da jakansa ke kwashewa a wata guda, kamiyo ta zo ta kwashe shi kafin azahar. Amma kada wani ya ji tausayinsa da wuri. Alkasum bai rasa abinci ba. Rumbunsa cike yake da gero, gonarsa tana bayarwa, gidansa lafiya lau. Abin da ke cinsa Illa ne. Illa, wanda jiya-jiya yake kora masa jakai yana ce masa maigida, ya tsinci 'yan kalmomin Faransanci a tashar mota, sai ga shi kamfani ya ɗora shi a kan ma'auni. Yanzu in ya wuce a gaban mota yakan leƙo ya ce, "Alkasum, ya jakai?" Haka, gatsau, babu ko malam.

Gidan Alkasum ba babba ba ne. Akwai tsohuwarsa Barira, wadda kullum tana bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Akwai matarsa Shatu, auren saurayi da budurwa, ita kaɗai. Akwai ƙanensa Garba, da ƙananan 'ya'yansa Musa da Fanta. Sai ɗan farinsa, Suma'ila, wanda ya riga ya zama namiji har ya shiga aparanti a motar da ke zuwa garin, yana koyon tuƙi. Sunan uban Alkasum ya ci, saboda haka babu babban da ke kama sunan nan a gidan. Kakarsa tana ce masa maigidana, ƙannensa suna ce masa Yaya, uwarsa ta ce yaron nan. Uban kuwa ko kallonsa ba ya yi a gaban mutane. In ya sayo masa takalmi a Damagaram sai ya ajiye a gaban Shatu ya ce, "Ba wa wancan." Duk garin an shaida Alkasum mutum ne mai kara, bai taɓa kama sunan uwarsa ba, ko na matarsa, ko na ɗan farinsa. Kuma duk duniya su ukun nan ya fi so.

Wata rana tsohuwar ta dube shi yana zaune ya yi tagumi, ta ce, "Kai dai, rumbu cike, randa cike, me kake nema?"

Ya ce, "Inna, zamani ya wuce ni."

Ta ce, "Bar shi ya wuce, ai ba jakinka ba ne." Ta ci gaba da ɓararta.

Bai ji ba. Da ruwa ya ɗauke, kafin a buɗe cinikin gyaɗa, ya ɗebi gyaɗa tafi guda daga rumbunsa, ya sayi baƙin zakara, ya nufi Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, wurin wani boka da ake raɗe-raɗinsa a tashar mota amma ba a faɗin sunansa.

Gidan yana can ƙarshen Birni, inda lunguna ke ƙurewa a gindin manyan duwatsu. An ce masa ya je da rana tsaka, lokacin da ko kare ba ya fita. Rairayi yana gasa masa ƙafa, babu motsin kowa, sai warin jima da ke tasowa daga unguwar majema. Ya tura ƙofar kara ya shiga. Ɗakin rabinsa gini ne, rabinsa tsagar dutse. Sanyi ne a ciki, irin sanyin da ba ya yi wa jiki daɗi. An rataye jajayen fatun awaki a bango, da ƙahonin raguna da aka cushe aka toshe da danƙo, da busasshen kan angulu. Hayaƙin jawul yana tashi a kasko, amma bai iya rufe ƙarnin tsohon jini ba. A tsakiya an binne wata baƙar tukunya har wuya, an ɗaure bakinta da jar fata kamar ganga.

Mai ɗakin ɗan ƙaramin mutum ne, tsaf-tsaf, cikin farar riga, yana cin goro. Da a kasuwa ka gan shi sai ka ce maɗinki ne.

Ya ce, "Mai jakai, ka makara. Na zaci tun ranar da mota ta shiga garinku zan gan ka."

Alkasum ya durƙusa. Ya ce, "Ma'auni nake so."

"Ma'auni kake so, ko ka ga Illa a ƙasa?"

"Duka biyun."

"To, ka fi yawancin masu zuwa nan gaskiya."

Bokan ya karɓi zakaran, ya juya wa gabas baya, ya yanka shi ba tare da ya ambaci kowa ba. Ya tsiyaye jinin a kan wani dutse mai santsi, girman ƙwan jimina, har dutsen ya shanye, ko ɗigo bai kai ƙasa ba. Sannan ya kwance fatar da ke bakin tukunyar, ya zuba gyaɗar nan a ciki. Alkasum bai ji faɗuwarta ba. Can sai ya ji wani ɗan ƙara daga ƙasa, ƙurus, ƙurus, kamar tsoho yana tauna a hankali.

Bokan ya ce, "Dutsen nan za ka binne a ƙarƙashin ma'auninka. Kowace ranar kasuwa ka zuba masa tafin farko. Manomi ba zai iya wuce ka da kaya ba."

"Ladanka fa?"

"Ni goro ya ishe ni. Ita ce mai ci." Ya nuna tukunyar da haɓa.

Alkasum ya ce, "Me take ci?"

"Abin da ba shi da mai shi. Ba ta sata, ba ta ƙwace, tsintuwa take yi. Tare da dutsen nan za ta shiga gidanka, saboda haka sunkuya ka gaya mata naka. Duk wanda ka kira da sunan da aka raɗa masa, ta san da mai shi, ba za ta ko dube shi ba. Wanda ba ka kira ba, tsintuwa ne."

Alkasum ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe abin da sauƙi. Ya sunkuya a bakin tukunyar. Ya kira sunan kansa. Ya kira Garba, ya kira Musa, ya kira Fanta. Kowane suna ya faɗa ciki kamar guga a rijiya mai zurfi. Can ya ce, "Da tsohuwa. Da mai ɗakina. Da wancan, babban."

Bokan ya ce, "Ban ji suna ba."

"Ai ta gane."

"Tukunya ce, ba 'yar garinku ba ce. Ba ta san kunya ba."

Alkasum ya sake sunkuyawa. Sunan uwarsa yana nan a bakinsa, ya san shi sarai, amma harshen ya ƙi ɗaguwa. Tun da ya iya magana bai taɓa furta shi ba, yau kuma a ce ya faɗe shi a gaban baƙo, cikin tukunya mai ƙarni. Ya gwada na ɗan, sai ya ga fuskar ubansa. Ya ɗago ya ce, "Rufe, ya isa. Allah ya san nawa ne."

Bokan ya yi murmushi, haƙoransa ja da goro. "A nan kake ambaton Allah? Saurara, mai jakai, ni ba na cutar kowa. Ko ka kira su, ko ka tashi ka bar dutsen. Ga ƙofa can a buɗe."

Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi a labarin nan duk lokacin da na zo wurin. Mutumin da bai ji kunyar zuwa gidan boka ba, bai ji kunyar durƙusa wa tukunya ba, shi ne yake jin kunyar sunan uwarsa. Kuma hanya ta uku ba a ɓoye take ba, an nuna masa ƙofa. Alkasum ya dubi ƙofar, ya dubi dutsen, ya tuna muryar Illa daga gaban mota. Ya ce a ransa ai duk wannan tsoratarwa ce irin ta bokaye. Ya ɗauki dutsen ya jefa a aljihu, ya ji shi da ɗumi kamar sabon ƙwai.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ba a daɗe ba Nasaran kamfanin ya zo garin, ya ce gyaɗar bana ta fi ƙarfin ma'auni guda, ana neman mutum na biyu wanda manoma suka sani. Aka nuna masa Alkasum. Aka kafa masa nasa ma'aunin a tsallaken hanya, daura da na Illa, shi kuma ya binne abin da zai binne. Daga ranar aka ga abin mamaki. Manomi zai taso daga ƙauye da niyyar Illa, har sun yi alkawari, amma jakinsa na zuwa bakin hanya sai ya karkata da kansa. Illa ya ƙara farashi, ya raba goro, ya sa maroƙi, duk a banza. Kafin sanyi ya yi tsanani buhunan Alkasum sun taru sun yi tsauni, na Illa kuwa ko inuwar akuya ba su yi ba.

Sai arziki ya ɓalle kamar ruwan kwari da damina. Ya gina kanti mai rufin kwano, na farko a garin, ya cika shi da atamfa da sukari da fitilu da sabulu. Ya sayo injin niƙa, matan da ke surfe da daka a biya su suka rasa abin yi, suna wucewa suna harararsa. Ya sayar da jakan ubansa gaba ɗaya bai ko je ya ga wanda ya saya ba. Masu ce masa mai jakai suka koma ce masa maigida. Illa da kansa ya tsallako hanya wata ranar kasuwa, ya cire takalmi ya gaishe shi. Alkasum ya daɗe yana jiran ranar nan, amma da ta zo bai ji komai ba. Ya amsa gaisuwar, ya ci gaba da duba ƙarfen awo.

Suma'ila ya bar motar mutane ya dawo yana kula da lodin ubansa. Shi ya fara lura. Wata rana da hantsi ya rusuna a gefe, ya ce, "Baba, gyaɗar nan da ake zubawa a gindin ma'auni, kaji ba sa taɓa ta. Kuma kafin la'asar sai a ga ɓawo kaɗai."

Alkasum bai dube shi ba. Ya juya wajen Garba ya ce, "A gaya wa wancan ya kula da aikinsa."

A tsakiyar sanyi tsohuwa ta fara ramewa. Ba zazzaɓi, ba tari, ba ciwon komai. Tana cin tuwonta, tana ɓararta, amma kullum kamar ana ɗibarta da ludayi. Mai allura ya duba ya ce bai ga cuta ba. Wata safiya aka same ta a zaune a bakin ƙofarta, ƙwarya a cinya, ta cika. Da aka zo ɗaukar makara, masu ɗauka suka dubi juna, don kamar kwandon da ba kowa a ciki suka ɗaga. Mutane suka ce tsufa ne, Allah ya jiƙanta. Alkasum ya tsaya a bakin kabari yana neman hawaye, bai samu ba. Ya nemi tsoro ma, shi ma bai samu ba, sai wani abu kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ana yin addu'ar uku ya koma ma'auni, don ranar kasuwa ce.

Da bazara ta shigo, zafi ya sauka, sai Shatu ta fara tsayawa cak a tsakar gida da muciya a hannu, kamar mai sauraron sallama. Rannan da ya shigo cin abincin rana, ta ajiye masa akushi, ta ƙi tashi.

Ta ce, "Malam, wa ke kiran mutane a gidan nan da rana tsaka?"

Ya ce, "Wane irin kira?"

"Murya ce, kamar daga cikin randa. Takan kira ka. Ta kira Garba, ta kira Musa, ta kira Fanta. Sai ta yi shiru. Ni kuma in yi ta jira." Ta gyara ɗankwalinta. "Ni da yaron nan ba a kiran mu. Ko ba 'yan gidan nan ba ne mu?"

Lomar da ke hannunsa ta koma akushi. Ya ce mata zafi ne, ta riƙa shan ruwa. Amma daga ranar Shatu ta bar girki, ta bar tsefe kai. Takan ɗauki 'yar kujerarta ta zauna a bakin zaure tana jira a kira ta. In Fanta ta ce Inna, sai ta waiwaya bayanta ta ga da wa ake. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kawo mai ruƙiya daga Droum, ba abin da ya sake. Ba ta duka, ba ta zagi, ba ta kuka. Jira kawai take yi.

Alkasum ya koma Birni. Ya tarar da bokan a inda ya bar shi, da farar rigarsa da goronsa.

Ya ce, "Buɗe tukunyar. Zan kira su yanzu."

Bokan ya ce, "Ai ba a raɗa suna sau biyu. Ta riga ta tsinta. Ta cinye ɗaya, tana lasar ta biyu, ta ajiye na uku don shi ya fi maiƙo."

"Ka faɗi abin da zan ba ta. Raƙumi, sa, kantin ma duka."

"Da me ka same su? Nata za ka ba ta?" Bokan ya tofar da tuƙar goro. "Hanya ɗaya ce. Ka tone dutsen ka maido shi nan, ka fita daga duk abin da ya kawo maka, ko allura kada ka riƙe. Abin da ta ci ya ciwu. Abin da ba ta kai gare shi ba, ya tsira."

"Zuwa yaushe?"

"Da ni ne kai, da ban tsaya shan ruwa ba."

Ya fito da niyya, wannan kam ba a hana shi ba. Duk tsawon hanya yana ganin fartanyar da zai ɗauka. Amma da mota ta sauke shi a bakin hanyar garinsu, abin da ya fara gani shi ne sabuwar kamiyonsa da ya yi oda, ta iso ba ya nan, kore shar, yara sun kewaye ta. Ga tsaunin buhunan ƙarshen ciniki yana jiran a kwashe kafin ruwan farko. Ga kuma saƙon Nasara, wai in ya kammala lafiya, baɗi garuruwa uku za a haɗa masa. Suma'ila yana zaune a gaban sitiyari yana shafa shi, fuskarsa kamar gonar auduga. Alkasum ya saci kallonsa, ya gan shi ƙato, lafiyayye, ba alamar rama. Ya ce a ransa, bari dai a kwashe kayan nan, amanar mutane ce, sai in tone. Gobe ta zo ya ce jibi. Haka kwaɗayi yake, ba ya ce maka kada ka tuba, cewa yake yi bari an jima.

Ranar lodin ƙarshe gari ya tashi da hadari a gabas. Wurin ya cika da 'yan dako suna waƙa suna jifa da buhuna, injin niƙa yana ta ruri a gefe. An tsayar da motar a kan gangaren sabuwar hanya, gindinta yana fuskantar sauran tsaunin buhunan, an tokare ƙafarta da dutse. Ta ɗauki kaya har ta tsuguna. Suma'ila yana bayanta a sunkuye, ya ba ta baya, yana warware igiyar ɗauri.

Alkasum yana tsaye a kan dandamalin ma'auni, ya fi kowa ganin wurin. A kan idonsa dutsen da aka tokare ƙafar motar da shi ya rabe biyu, ba ƙara, kamar an ɓare gyaɗa. Motar ta fara silalowa da baya, a hankali, a hankali. Akwai lokaci. Taku biyu kawai yaron zai yi gefe.

Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Kai!"

'Yan dako suka waiwayo, kowa yana zaton da shi ake. Suma'ila bai waiwayo ba.

"Kai, yaro! Wancan!"

Suma'ila ya ji muryar ubansa, babu shakka ya ji ta. Amma tun yana rarrafe aka koya masa cewa muryar nan, in ta tashi a gaban mutane, ba da shi take ba. Yaro ne mai ladabi. Ya ci gaba da warware igiyarsa.

Sunan yana maƙogwaron Alkasum lokacin da motar ta isa.

Aka yi salati, aka taru aka tura motar gaba, aka janye yaron, ya riga ya cika. Alkasum ya sauko daga dandamalin a hankali, ya tsaya a kansa. Ranar ce ya fara kallon fuskar ɗansa sosai a gaban jama'a, ya ga ashe har gemu ya fara fito masa. Mutane suna riƙe shi suna ba shi haƙuri, shi kuwa ba abin da yake ji, kamar an ba shi labarin wani gari. Da aka dawo daga maƙabarta ya wuce gindin ma'auni, ya durƙusa ya yi ta tono da hannu har farcensa ya fashe. Bai sami dutse ba. Rami ne kawai cike da ɓawon gyaɗa. Yana nan durƙushe ruwan farko ya sauko.

Sauran ba shi da tsawo. Buhunan da aka kai Damagaram, da aka farke su, rabi ɓawo ne rabi ƙwari. Kamfani ya aiko aka cire ma'aunin. Gara ta shiga kanti ta cinye atamfa tun daga ƙasa har rufi, injin ya tsaya bai sake tashi ba. Motar kuwa babu shofer ɗin da ya yarda ya hau ta, tana nan a bakin hanya har kaji suka mayar da ita akurki. Garin bai tsaya jiran kowa ba. Illa ya koma shi kaɗai a kan ciniki, wani Bayarabe ya buɗe sabon kanti, aka ƙara aji a lakkwal. Garba ya kwashe Musa da Fanta ya riƙe, ko ciwon kai bai taɓa damunsu ba, sun girma har sun ga jikoki. Tukunya ba ta saɓa alkawari ba.

Dangin Shatu suka zo suka tafi da ita Droum. Bayan damina Alkasum ya bi ta a ƙasa. Ya same ta a bakin zauren gidan yayanta, a kan 'yar kujerarta, kai ba ɗankwali. Ya durƙusa a gabanta, ya tattara duk abin da ya rage masa, ya ce, "Shatu."

Ta dube shi da kyau, cikin ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙo. Ta ce, "Wa kake nema, bawan Allah? Ba ta nan. An daɗe ana jira ba a kira ta ba, ta tafi."

Tun daga ranar bakin Alkasum ya buɗe, bai sake rufuwa ba. Yakan zauna a gindin tsamiya, a kangon tsohuwar kasuwa, da rana tsaka, yana kira ba da ƙarfi ba, ba da kuka ba, kamar mai kiran mutanen gida su zo cin tuwo. Barira. Shatu. Suma'ila. In ya kai ƙarshe ya komo farko. Ranar da aka sami 'yancin kai, gari ya ɗauka da kiɗa da guɗa, aka ɗaga sabuwar tuta a gaban lakkwal, shi yana can yana kiransa. Baƙi sukan tambaya wane ne. Sai a ce mahaukaci ne, ba ka ji har sunan uwarsa yake kamawa ba?

To, kai mai ganin zamani ya wuce ka, mai ƙyashin motar wani da kantin wani, ka ji. Wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci yake sauka, kuma ba shi kaɗai ake saukewa ba. Boka ba ya ɓoye farashi, kai ne kake toshe kunne. Alkasum yana da rumbu cike da randa cike, da mutum uku da yake so har ba ya iya kama sunansu. Ya je neman abin da ba nasa ba, ya bar nasa a hanya kamar ba su da mai su. Ya yi shekaru yana kira a gindin tsamiyar nan, kuma har ya mutu ba wanda ya amsa.